Rabon abinci ga masu kwana a titi a Akra, wa ya taɓa yi?

Ɗan Mamobi: Salamu alaikum jama'a. Mu samarin layinmu mun haɗa ɗan kuɗi ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, muna so mu riƙa dafa abinci duk Juma'a muna kai wa kayaye, wato mata 'yan dako masu ɗaukar kaya a ka, da masu kwana a barandar shaguna wajen tashar mota ta Tema Station da kasuwar Makola. Waɗanda suka taɓa yi don Allah ku ba mu haske.

Hajiyan Nima: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi albarka. Kar ku je da rana. Da rana suna cikin kasuwa da kwano a kai, wadda ta tsaya layin abinci ta rasa kostoma. Sai bayan isha'i idan an kulle shaguna za ka gansu sun shimfiɗa kwali, wata da goyo, wata ma cikin kwanon take kwantar da jaririn. Mu wache, wato shinkafa da wake, muke dafawa da garin rogo da ƙwai, a ƙulla a roba a haɗa da piya wata, wato ruwan leda, shito, miyar barkonon nan, kaɗan saboda yara. Kuma yawancinsu daga arewa suke, Dagomba da Mamprusi, ba kowa ke jin Hausa ba, ku tafi da mace mai jin Dagbani in ba haka ba ganin samari da dare tsorata su yake yi.

Baban Sabon Zango: Gaskiya Hajiya. Lokacin lokdawun na 2020, da aka rufe Akra da Kumasi sati uku daga 30 ga Maris, mun loda abinci a aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, muka tsaya bakin titi, wallahi kafin mu sauke ƙartai sun yi mana ca, wani ya kwashi uku ya ruga, mata da tsofaffi suna gefe suna kallo. Ku ajiye motar nesa, ku ɗauka a hannu ku bi su inda suke kwance.

Mai koko: Ni koko da ƙose nake saidawa. Wani Alhaji yana bar mini kuɗi duk wata, ni kuma na san wadda ta kwana da yunwa, ba sai ta faɗa ba, sai in zuba mata kamar ta saya. Tun da aka tashi kasuwar albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a 2021 dako ya ragu a wajen, ga gobarar kasuwar Kantamanto ta Janairun 2025, masu zuwa wajena sun ƙaru sosai. Kuma don Allah banda kamara, mutum na karɓar abinci ana ɗaukarsa a sa a TikTok, wannan wace irin sadaka ce?

Malamin makaranta: Tsarin bar wa mai abinci kuɗi yana da kyau amma sai mai amana, mun taɓa ba wata kuɗi lissafi ya ƙi fitowa. Abin da ya fi damuna shi ne cikin azumi abinci har zubarwa ake yi a ƙofar masallaci, ana gama bikin sallah kowa ya watse. In sati-sati zai fi ƙarfinku ku yi sau biyu a wata, ya dai ɗore.

Ɗan Mamobi: Mun gode iyaye. Hajiya za a iya ara mana babbar tukunya?

Hajiyan Nima: Ku zo ranar Alhamis bayan la'asar, ku taho da gawayinku.