Wani tsohon zanen Holan: labarin wa ake wa ba'a, kuma ta yaya ake gane na asali?

Ɗan Kurmi:
Assalamu alaikum. Ina da wata takarda mai zane baƙi da fari, da baitoci cikin harshen Holan a ƙasa. Wata mace ce ƙatuwa a kan tarin itace riƙe da takobi, ƙauyawa kewaye da ita, wasu na kuka wasu na dariya, can baya ga jirgin ruwa yana tafiya. Labarin me ke nan? Tsohon bugu ne ko kwafi? Kuma yaya zan adana shi a nan Kano?

Malamar Tarihi, Gwale:
Wa alaikumus salam. Malam, tarin itace da takobi da jirgi alamomin Dido ne, sarauniyar Kartaj, a Tunisiya ta yau. Labarin yana littafi na 4 na Aeneid, doguwar waƙar Latin ta Virgil, mawaƙin Romawa. Da masoyinta Aeneas ya shirya barinta, ta sa aka tara itace, ta ce wa 'yar'uwarta Anna kayansa za ta ƙona; da jirginsa ya tashi, sai ta hau ta faɗa kan takobin da ya bari. Akwai wasu matan tsofaffin labarai da su ma suka kashe kansu da makami, amma ba su ba ne: da Thisbe ce, da ka ga gawar saurayi a gefenta da zakanya a nesa. Lucretia kuwa wuƙa ce kawai, babu itace.

Ba'ar tana cikin sauya mutanen: sarauniya ta koma matar ƙauye, fada ta koma tsakar gida. Salon ya yi tashe bayan mawaƙi Scarron ya fara fitar da Virgile travesti, wato Aeneid cikin ba'a, a Faransa a 1648, mawaƙi Focquenbroch kuma ya yi irinsa da harshen Holan. Masu sayen irin wannan zane sun san Virgil tun daga makaranta, shi ya sa dariyar take kama su.

Mai Ɗab'i, Sabon Gari:
Kan batun asali, fara da yatsa. Zanen da aka buga daga farantin jan ƙarfe yana barin shaidar gefen farantin, wani ɗan lotsi mai kusurwa huɗu kewaye da hoton. Amma ana iya ƙirƙirar lotsin, wasu tsofaffin kuma an yanke musu gefe, don haka wannan kaɗai bai isa ba.

Ari gilashin masu gyaran agogo mai ƙara girma sau 10. Tsohon bugu layuka ne tsantsa, tawadar ta ɗan tashi a kan takarda. Idan ka ga ɗigo-ɗigo a jere kamar hoton jarida, kwafin inji ne, magana ta ƙare.

Sannan ɗaga takardar ga haske. Ta da, wadda aka yi da tsumma, tana nuna siraran layuka a matse, da wasu masu ratsa su, tazarar kimanin santimita 2 zuwa 3. Kana iya ganin tambarin ruwa, wato alamar da ke cikin jikin takardar, kamar tambarin birnin Amsterdam ko kan wawa mai hular ƙararrawa. Takarda sumul marar layi ba ta fito a Turai ba sai wajen 1757, a Ingila. Idan hoton ya dushe, ƙananan layuka sun ɓace, kuma takardar sumul ce, to an sake bugawa ne daga farantin da ya riga ya cinye. Duba ƙasan hoton: sunan da "pinx." ko "inv." ke bi shi ne mai ainihin zanen, "sculp." ko "fec." mai sassaƙa farantin, "exc." mawallafi.

Hajiya Mai Adana Takardu:
Don Allah, Malam, kada ka kai shi a yi masa laminatin. Zafi da gam ɗin robar suna shiga takarda, ba sa fita. Salatif ma haka, yana barin tabo ruwan ƙasa.

Yanayinmu ne babbar matsala. Hunturu yana busar da takarda har ta yi ƙaras, danshin Agusta kuma yana kawo ɗigon tsatsa da fumfuna. Abin da ake so danshi tsakanin kashi 40 zuwa 55 cikin ɗari. Ka shimfiɗa shi a kwance, kada ka naɗe, tsakanin takardu marasa asid, cikin akwati mai murfi da 'yan ƙunshin silika masu tsotse danshi. Ɗora akwatin a kan kanta, nesa da bango, saboda gara da kyankyaso. In za ka sa firam, a saka kwali tsakanin zanen da gilashi don kada su manne, kuma a rataye shi inda rana ba ta bugu. Tabon da ke jiki ka bar shi yadda yake, kada ruwa ko bilic ya taɓa shi.