Sabuwa mai arha ko ta hannu mai ƙarfi? Ranar Asabar zan biya

Ɗalibar_Dare:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Da rana ina aikin shigar da bayanai a wani ƙaramin ofis, da yamma kuma ina karatu. Wata tara ke nan ina tara kuɗin laftof, domin na shiga koyon Excel sosai, na fara yaren rubuta kod na Python, kuma ina son Power BI, manhajar nazarin bayanai. Yanzu da waya nake bin darussan, har idona ya fara ruwa, ga shi ba yadda za a yi mutum ya rubuta kod a kanta. Kuɗin sun kai ga abu biyu. Ɗaya sabuwa ce dal a kwali, furosesa Celeron, RAM (ƙwaƙwalwar aiki) 4GB, ma'ajiya 64GB, garanti shekara guda. Ɗayar ThinkPad T480 ce ta hannu, furosesa Intel i5 zubi na 8, RAM 8GB, ma'ajiyar SSD 256GB, garantin sati biyu kacal, kuma ta ɗan fi sabuwar tsada. Mac ba ta cikin lissafina, Power BI Desktop a Windows kawai yake aiki. Don Allah wanda ya taɓa riƙe ɗaya daga ciki ya faɗa min abin da ya gani.

Sarkin_Kod:
Ka sayi MacBook M1 ka huta. Shekara uku ina da ita, ko sau ɗaya ba ta taɓa tsayawa ba.

Yar_Lissafi:
Sarkin_Kod, mace ce, kuma ta rubuta ɓaro-ɓaro cewa Mac ba za ta yi mata ba. A riƙa karantawa kafin a amsa.

Mai_Gyara:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Araha ba ta ado. Irin sabuwar nan ma'ajiyarta eMMC ce, an like ta a jikin bod, yawanci RAM ɗin ma haka, ba a ƙarawa ba a canzawa. Windows kaɗai zai cinye miki kaso mai tsoka na 64GB ɗin, in kika buɗe burauza da Excel tare za ki ga linzami yana ja da ƙyar. T480 kuwa a 2018 ta fito, furosesarta kwakwalwa huɗu gare ta, ramin RAM biyu ne, in kin samu kuɗi nan gaba ki mai da ita 16GB da hannunki. Zubi na 8 ɗin ma yana da muhimmanci: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 daga zubi na 8 take karɓar yawancin Intel a hukumance. Ki lura kada a miƙo miki T470 a ce ai ɗaya ne, ba ɗaya ba ne.

Kafin ki biya, ki buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ki rubuta powercfg /batteryreport. Zai nuna miki ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage masa yanzu. Batir biyu gare ta, na ciki da na waje, ki duba duka.

Wanda_Aka_Cuta:
Kada ki kuskura ki taɓa ta hannu. Ni ga abin da ya same ni. Shekarar ƙarshe ta karatuna na sayar da wayata, na haɗa da abin da Yayata ta ba ni, na sayi wata ta hannu. A gaban mai sayarwa komai lafiya, allo tas, kibod yana haske, har bidiyo muka kunna. Sati uku ina murna. Sai ta fara nauyi, abokina ya ce mu goge ta mu sa sabon Windows. Muna gamawa, na haɗa ta da intanet, sai ga sunan wani kamfani da ban taɓa ji ba a kan allo, wai in shiga da imel ɗin ma'aikaci. Babu wurin tsallakewa. Muka sake gogewa, ya sake fitowa. Ashe kwamfutar tana cikin rajistar kamfanin, kuma su kaɗai ke iya cire ta. Muka ce to bari mu shiga BIOS, wato saitin tushe na kwamfutar, nan ma kalmar sirri.

Na koma wurin mutumin, ya kalle ni ya ce garanti ya ƙare tun jiya waccan, kuma ni na taɓa ta. Sau shida ina zuwa. Na ƙarshe yaronsa ne ya ce min ya yi tafiya, alhali ga takalminsa a bakin ƙofa. Babi biyu na furojet ɗina suna ciki lokacin da muka goge, saboda na yarda da abokin nan cewa ya kwafe. A kwamfutar aro na sake rubuta su, daga sha ɗayan dare zuwa asuba, don da rana mai ita yana amfani da abarsa. Har yau tana ƙarƙashin gadona. Yayata ba ta taɓa yi min maganar kuɗinta ba, shi ya fi ci min rai.

Uwar_Biyu:
Innalillahi. Allah ya saka maka ɗana, Allah ya mayar da alheri.

Mai_Gyara:
Amin. Abin da ya same ka na sha gani, kuma ana kauce masa. A gaban mai sayarwa ake shiga BIOS a ga ko a kulle yake, a gabansa ake sa sabon Windows a haɗa da intanet. In ya ce ba shi da lokaci, kai ma ba ka da kuɗi. Taka ma in da BIOS a buɗe yake, da Linux Mint, wanda ake sawa a madadin Windows, ya tashe ta.

Wanda_Aka_Cuta:
Malam, kai da gyara kake ci, dole ka ce a sayi tsohuwa. In kowa ya sayi sabuwa wa zai kawo maka aiki?

Mai_Gyara:
Wallahi ƙananan sababbin nan sun fi zuwa teburina, kuma su ne nake mayar wa masu su ba tare da na karɓi ko sisi ba, domin babu abin da zan iya canzawa a ciki.

Yar_Lissafi:
Ku duka biyun gefe ɗaya kuke gani. Mai gyara marasa lafiya kawai ake kai masa, wanda maciji ya sara kuma ko tsumma ya gani sai ya gudu. Ni aikin da take son koya shi nake yi kullum. Da mai 4GB na fara. Ranar da na buɗe fayil mai layi wajen dubu ɗari biyu a Power BI, na je na yi salla na dawo tana nan tana juyi. Wata biyar na sayar da ita da asara. Yanzu Latitude ta hannu gare ni, shekara biyu, batir kawai na canza, kuma bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin kwamfutar ba.

Dogo_99:
Kashi ɗaya cikin goma? Anti, jabu aka sa miki. Ni na asali na saya, sai da ya ci kusan kashi ɗaya bisa uku na kuɗin tawa.

Yar_Lissafi:
Jabun da yake kai ni awa huɗu bayan shekara guda? To Allah ya ƙaro irinsa.

Sarkin_Kod:
Ni wani ya ce min batirin ciki da na waje in an haɗa sun kai rabin kuɗin T480 ɗin kanta. Shi ya sa na ce Mac.

Mai_Gyara:
Wani ya ce maka. Kai ka taɓa saya?

Ɗan_Barkwanci:
Ƙanwata ki sayi Celeron ɗin, tana koyar da haƙuri kyauta. Ki kunna ta da safe, ki tafi aiki, kina dawowa kin tarar ta gama buɗewa 😂

Ɗalibar_Dare:
Na gode ƙwarai. Yaya Wanda_Aka_Cuta, labarinka ya tsorata ni, Allah ya musanya maka. Malam Mai_Gyara, na rubuta abubuwan da ka ce a takarda. Tambaya ɗaya: in batirin ya nuna saura kamar kashi 60, in saya ko in bari? Sannan ogana ya ji ina maganar, ya ce madalla, in na saya sai in riƙa zuwa da ita ofis tunda ta teburina ta tsufa.

Dogo_99:
Tsaya nan. Kada ki yarda! Wannan ya fi maganar batir muhimmanci. Haka aka yi min. Na kai tawa rana ɗaya don a fitar da wani rahoto, shi ke nan ta zama ta ofis. Awa tara a kunne kullum, kowa ya zo ya soka filashinsa, har ta kwashi bairos. Da caja ta ƙone na kai takarda a biya ni, aka ce ai kayana ne.

Uwar_Biyu:
Gaskiya ne. 'Yata ma haka, da laftof ɗinta da datarta take musu aiki, ranar hutu ma a kira ta a ce tunda tana da kwamfuta a gida ta tura kaza. Ba ƙarin ko kwabo.

Yar_Lissafi:
Kuma akwai abin da ba a faɗa wa mutum. In suka ce ki shiga da asusun ofis a kanta, kika danna amincewa su kula da na'urar, sashen kwamfutarsu na iya sa mata dokoki, wani lokaci har su goge abin da ke ciki daga nesa. Bayanan kwastomominsu kuma in suka ɓata a hannunki, ke za a tuhuma. Ki ce masa ta karatu ce, kina barinta a gida.

Sarkin_Kod:
Sauƙin faɗa ne da shi. Yarinya tana ƙaramin aiki, ta ce wa oga a'a, gobe a nemo wata. Ni na kai tawa shekara guda, kuma ta nan aka gane na iya aiki har aka ƙara min matsayi.

Dogo_99:
Kai aka ƙara wa. Mu nawa ne aka ƙara wa aiki kawai?

Wanda_Aka_Cuta:
Ai duk halin ɗaya ne, da mai sayarwa da oga. Sun san ba ka da inda za ka kai ƙara. Ni inda nake yanzu wata uku ke nan ana cewa za a ba mu kuɗin data.

Uwar_Biyu:
Wata uku ma da sauƙi ɗana. Ita 'yata tun da ta fara ake ce mata wata mai zuwa.

Ɗalibar_Dare:
Don Allah maganar kashi 60 ɗin nan fa? Gobe Juma'a.

Dogo_99:
Wai ku da ake ba kuɗin data, a cikin albashi ake sa muku ko daban ake bayarwa? Mu an ce yana ciki, amma na duba takardar albashina ban ga layinsa ba.