Neman shawara: tsofaffin kwamfutocin shagona da takardun mutane da ke cikinsu

Mai tambaya, Mabera:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da shagon buga takardu da cike fom a Mabera cikin Sakkwato, muna duba wa yara sakamakon WAEC da NECO, muna cike wa mutane fom na neman aiki da na makarantu. Kwamfutocin da nake aiki da su sun tsufa, babu mai ɗaukar Windows 11 a cikinsu, ga shi Microsoft ta janye tallafin Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Na sayi sababbi, yanzu tsofaffin sun cika min shago: na tebur huɗu, laftof ɗaya, da allo mai ƙeya irin na tsohuwar talabijin. Biyu daga cikinsu ba sa tashi. Wani ɗan gwangwan ya taya su, amma zuciyata ba ta kwanta ba, domin akwai hotunan fasfo na jama'a a ciki, da silif na NIN, da takardun haihuwa, har da waɗanda suka ba ni lambar BVN don cike fom. Yaya zan rabu da su ba tare da na tona asirin kowa ba?

Wani ɗalibi, Jami'ar Danfodiyo:
Wa alaikumus salam Yaya. Ka kwashe abin da kake so a filash, ka yi musu fomatin, shi ke nan. Minti biyar ka gama.

Mai gyaran kwamfuta, titin Emir Yahaya:
Ƙanena, wanga fomatin na minti biyar shi ne abin da ya fi yaudarar mutane. Malam mai shago, ka saurare ni da kyau. Idan ka goge fayil, ko ka zubar da kwandon shara, ko ka yi fomatin na gaggawa, kwamfuta ba ta taɓa fayil ɗin kansa ba. Kamar ɗan kasuwa ne ya yage shafin da ya rubuta inda ya ajiye kowane kaya, amma kayan na nan jibge cikin sito. Akwai manhajoji na kyauta irin su Recuva da PhotoRec, yaro ɗan sakandare ma na iya maido da hotuna da su. Mu nan kullum da su muke maido wa mutane hotunan biki da sunka goge bisa kuskure, to haka ɓarawo zai maido da silif ɗin kwastomanka.

Duk sirrin yana cikin abu guda, faifan ajiya, wanda muke kira had-disk. Allo, kibod, RAM, fanka, babu mai riƙe bayani bayan an kashe wuta. Sai ka fara duba irin faifan da ke cikin kowace na'ura, domin iri biyu ne kuma maganinsu ba ɗaya ba.

Tsohon iri mai juyawa, wanda kake jin ƙararsa, sai an rubuta wani abu a kan kowane lungu nasa. Cikin Windows, in ka cire alamar "Quick Format" ka bar shi ya yi cikakken fomatin, sifili yake rubutawa a faifan gaba ɗaya, haka yake tun daga Windows Vista. Amma ba zai yi wa faifan da Windows ɗin ke zaune a kai ba, sai ka jona shi a wata kwamfutar, ko ka tashe ta da DBAN, wata manhajar goge faifai, daga filash. Zagaye ɗaya ya isa, kada wani ya ɓata maka lokaci da zagaye bakwai. Aikin kan ci awoyi, don haka ka tanadi janareta ko sola, in wuta ta ɗauke a tsakiya sai ka sake daga farko.

Sabon irin kuwa, SSD, wanda ba ya juyawa, ba ya jin wagga hanya sosai, domin yana rarraba rubutu a ƙwayoyinsa yadda ya ga dama, yana kuma da wani sashe na ɓoye da Windows ba ta kai wa. Shi sai a yi masa "Secure Erase" da manhajar kamfanin da ya ƙera shi, ko ta BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, in na'urar na da shi.

Ɗalibin:
Na gode Oga, na ƙaru. To "Reset this PC" na cikin saitin Windows fa?

Mai gyara:
Yana da amfani in ka zaɓi "Remove everything" sannan ka shiga saitin ka kunna "Clean data". Ga laftof ɗin gida da za ka ba ƙaninka, ya wadatar. Ga na'urar da ta ɗauki takardun ɗaruruwan mutane, ni dai ba zan tsaya a nan ba.

Wata ma'aikaciyar banki, Arkilla:
Malam, Allah ya saka maka da ka yi tambaya kafin ka sayar. Mutane ba su san darajar abin da ke hannun masu shago irinku ba. NIN lamba 11 ce, BVN ma 11, su kaɗai ba sa cire kuɗi. Amma idan suka haɗu da cikakken suna, ranar haihuwa, lambar waya da hoto, sun isa ɗan damfara ya kira mutum ya ce daga banki yake, ya karanto masa bayanansa daidai har ya yarda ya ba da lambar OTP. Da irinsu kuma ake ƙoƙarin cin bashi a manhajojin lamuni da sunan wani. Duk waɗannan a fom guda suke a kwamfutarka.

Sannan akwai doka. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda hukumar NDPC ke kula da ita, ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan mutane nauyin tsare su, da kuma kada ya ci gaba da ajiye su bayan buƙatar ta wuce. Don haka kada ka kwashe komai da komai zuwa sababbin. Ka ɗauki abin da kake da dalilin riƙewa, sauran su tafi.

Wani abu da ake mantawa: kwastomomi nawa suka buɗe imel ɗinsu a shagonka Chrome ya adana kalmar sirrinsu? Kai ma ka shiga asusunka na Google ka fitar da tsofaffin na'urorin, ka duba WhatsApp a wayarka wajen na'urorin da aka haɗa, ka canza kalmomin sirrinka. Waɗannan biyun da suka mutu ma daga waya za ka fitar da su.

Wani dattijo, Rijiyar Ɗorowa:
Ɗana, mu ba mu san kan na'ura ba, amma mun san amana. Wanda ya miƙa maka takardar haihuwar ɗansa ajiya ya ba ka. Shawarata, masu tashin nan kada ka kai su gwangwan. Akwai makarantun Islamiyya da yaran ba su taɓa taɓa kwamfuta ba. In an wanke su sarai, ka ba da su, ladan ya fi kuɗin ƙarfe.

Mai gyara:
Gaskiya ne Baba. A sa musu Linux Mint a madadin Windows, kyauta ne kuma ba ya wahalar da tsohuwar na'ura, yara su koyi buga rubutu.

Wani mai shagon waya, Kasuwar Shehu Shagari:
Ni ina ganin duk wahala ce. A ciro faifan a jiƙa shi a ruwa kwana biyu, ko a goga masa maganaɗisun sifika, ko a watsa fetur a ƙone.

Mai gyara:
Alhaji, ruwa lantarkin jikinsa kawai yake lalatawa, farantin da ke ciki yana nan da bayanansa. Maganaɗisun sifika ba shi da ƙarfin da zai yi aikin, SSD kuwa ko a jikinsa. In lalatawa za a yi, a kwance faifan a huda shi da dirila wuri uku ko huɗu ta kan farantin, ko a fito da farantin a lanƙwasa shi da guduma. A kula, na laftof sau da yawa gilashi ne, tarwatsewa yake yi, a naɗe shi cikin tsumma a kare ido. SSD kuma sai an farfasa baƙaƙen ƙwayoyin da ke kan allonsa ɗaya bayan ɗaya, huda tsakiya kawai na iya kuskure su.

Wata ma'aikaciyar jinya, Runjin Sambo:
Don Allah maganar ƙonawa a bar ta. Gilashin allo mai ƙeya akwai dalma a ciki, fitilar bayan allon tsofaffin laftof kuma tana da sinadarin makyuri. Mu a yankin nan ba sai an ba mu labarin dalma ba, a 2010 yara sama da 400 suka rasu a Zamfara. Wancan daga haƙar zinari ne, amma gubar ita ce dai, kuma ƙananan yara ta fi kamawa. Malam, kada ka bari a fasa allon nan a ƙofar shagonka. Batirin laftof ɗin ma ka cire shi daban. In ya kumbura kada a huda shi, kada a bar shi a mota ko ƙarƙashin kwano a zafin Afrilu da muke haura digiri 40, wuta yake kamawa. Ka kai wa masu gyara, kada ya shiga bola inda yara ke tona.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, in sha Allahu biyu za su je Islamiyyar unguwarmu. Saura matattun biyun. Mai gwangwan ya ce in na cire faifan zai rage kuɗi. Oga, babu yadda za a goge su tunda ba sa tashi?

Mai gyara:
Mutuwar kwamfuta ba ita ce mutuwar faifanta ba, sau da yawa wutar ciki ce ko babban allon lantarki na ciki ya ƙone, faifan lafiya lau. Ka ciro shi, sukurori kaɗan ne da wayoyi biyu. Akwai ƙaramar waya mai jona faifai da USB, ka sa shi a sabuwar kwamfutarka ka yi masa cikakken fomatin. In ya gama, ka gwada Recuva a kansa da kanka. In bai fito da komai ba, ka riƙe shi ma kana ajiyar aikinka a ciki. In ya ƙi buɗewa, dirila. Mai gwangwan ya rage abin da zai rage, a kan kilo yake saye, faifan bai kai kilo ɗaya ba. In kuma wurin mai gyara za ka kai, ko ni ne, ka zauna a yi a gabanka, kada ka bar shi ya kwana. Ka leƙa mazubin CD da bayan kowace na'ura ko an manta filash, in kana da babbar na'urar fotokofi ita ma ka tambaya, wasunsu na da faifai a ciki.