Firji ɗaya, mu biyu: ina neman shawara

Assalamu alaikum. Ni da wata ƙawata muke haya a Samaru, Zariya, kuma karo-karo muka yi muka sayi ƙaramin firji. Likita ya ce in rage gishiri da maiƙo saboda hawan jini, sai na koma ga zogale, alayyahu da kifi. Ita kuwa kunun aya da zoɓo take sayarwa, robobinta sun cika firjin har ƙofa. Alayyahuna a kwando yake yin yaushi. Da na yi magana sai ta ce, "Haba Yaya, sana'a ce fa." Gaskiyarta, kunun aya ba ya jure zafi. To yaya za mu raba wurin ba tare da mun ɓata ba? Kuma ban da shanyawa, da wace dabara ake adana ɗanyen ganye?