Magen marigayiya Inna tana ramewa a hannuna, me zan riƙa ba ta?

Maman Ilham, Tumfure:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawara, ku yi haƙuri da tsawon rubutun, tun asuba abin yake cina.

Wata biyar ke nan da Allah ya yi wa mahaifiyarmu rasuwa a gidanmu na Jekadafari, cikin garin Gombe. Tana da wata farar mage da take kira 'Yar Lele, ko'ina ta zauna tana gindinta. Bayan sadakar arba'in aka zo kwashe ɗaki, yayarmu ta ɗauki akwatuna, matan yayyenmu suka yi ta ja-in-ja a kan kwanuka da firij, babu wanda ya ko kalli magen. Kwana uku tana kwance a kan buzun sallar Inna, ko ruwa sai an kai mata. Ni na kasa jurewa, na sa ta a kwali da buzun na hau Keke Napep da ita har Tumfure. Maigidana da farko ya ce shi ba zai zauna da mage a gidan haya ba, sai da na sa yayansa ya roƙe shi, kuma har yau in ta yi ɓarna ni ake kallo. Yayarmu kuwa da ta ji cewa ta yi neman suna nake yi, alhali lokacin jinyar Inna ni ce na kwana a asibiti sati uku.

Abin da nake ba ta shi ne abin da na ga Inna na ba ta. Da safe nono da ɗan ɗumamen tuwo, da rana duk abin da muka dafa, shinkafa da miya ko taliya, da dare tuwo da miyar kuka, in akwai kifin banda in marmasa mata. Ba na hana ta komai. Amma yanzu ta rame, in na shafa ta ina jin haƙarƙarinta ɗaya bayan ɗaya, gashinta na zuba a kan buzun, ga zawo kusan kullum. Na ga abincin mage na kanti a wani babban shago, kuɗin leda ɗaya ya kusa cefanenmu na kwana biyu. Me zan ba ta wanda ba zai fi ƙarfina ba? Ina jin kamar amanar Inna nake ci.

Ummu Safwan:
Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. 'Yar uwa, shekarunta nawa? Kin taɓa ba ta maganin tsutsar ciki? Tana fita waje ko kullum a ɗaki take? Ba ki faɗa ba.

Goggon Pantami:
Allah ya gafarta mata. 'Yata, kewa ce ke damunta, dabba ma tana sanin mutuwa. Mu a gidanmu tun ina yarinya kuliya tuwo da nono take ci, ta haifi 'ya'ya ta yaye su, ba wanda ya taɓa sayo mata abinci a kanti. Ki ƙara mata kindirmo mai kyau na Fulani, ki daina tsorata kanki.

Baban Walid, Federal Low-cost:
Da farko ina miki ta'aziyya. Amma Hajiya, zan faɗa miki gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba: wannan magen cikinta a cike yake, amma yunwa ce ke cinta. Ni ba likita ba ne, kiwon kaji nake yi, sai dai shekara 11 ina riƙe da maguna a gonata saboda ɓeraye, kuma na binne guda biyu kafin na koyi abin da zan gaya miki.

Mage ba kamar kare ba ce, ba kuma kamar akuya ba. Allah ya halicce ta maciyiyar nama zalla. Ki buɗe bakinta ki duba, ba ta da turamen haƙora na niƙa hatsi irin namu, duk na yanka ne. Akwai wani sinadari da ake kira taurin, a cikin nama ake samunsa, ya fi yawa a zuciya. Jikin kare yana iya haɗa nasa, na mage ba ya haɗa wanda zai ishe ta, dole sai ta ci. In ta daɗe ba ta samu ba ido ya fara mutuwa, zuciya ta saki. A 1987 ne likitocin dabbobi a jami'ar Kalifoniya da ke Davis, a Amurka, suka gano cewa rashinsa ne ke kumbura zuciyar maguna, daga nan kamfanonin abincin mage suka ƙara shi a kayansu. Tuwo ba shi da taurin, taliya ba ta da shi, kuka ba ta da shi.

Goggo, da girmanki, kuliyar gidanku ba da tuwo ta rayu ba. Da dare tana rumbu tana kama ɓera, da rana ƙadangare da fara da 'yan tsuntsaye. Tuwon ɗan taɓa baki ne kawai. Wannan ma a Jekadafari haka take yi, na tabbata. Yanzu an rufe ta a gidan tayil, farautar ta yanke, tuwon kaɗai ya rage.

Sannan miya. Albasa da tafarnuwa guba ne ga mage, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininta a hankali. Wace miya ake yi a Gombe ba albasa? Ga magi, ga gishiri, ga yaji. Nono kuma, mage in ta girma cikinta ya daina narkar da sukarin madara yadda ya kamata, shi ne zawon da kike gani. Ki ɗaga leɓenta yanzu ki duba dasashinta, ki faɗa mana launinsa.

Maman Ilham, Tumfure:
Na gode Malam. Amma ni ban ce ina ɗura mata albasa ba, ina tsince ta kafin in zuba mata. Kuma nonon nan Inna ta fi shekara shida tana ba ta ba abin da ya same ta. Mahaifiyata ba za ta ba dabba abin da zai cutar da ita ba, mace ce da ko tururuwa ba ta takawa. Kindirmo ne ma nake saya, ba madarar gwangwani ba. Na duba dasashin, ya yi fari-fari, to amma ai ita ma magen fara ce.

Baban Walid, Federal Low-cost:
Hajiya, launin gashi daban, dasashi daban. Ko baƙar mage ce, lafiyayyen dasashi ja-ja yake kamar cikin leɓenki. In ya yi fari jini ne ya yi ƙasa, wannan kuma aikin likitan dabbobi ne, ba na rukunin WhatsApp ba. Tsince albasa ba ya cire abin da ta riga ta saki a cikin miya. Na yarda kindirmo ya fi ɗanyar madara sauƙi tunda ya yi tsami, amma magen da ke zawo ba a ba ta ko cokali. Babu wanda ya zagi Inna, Allah ya jiƙanta. A gidanta magen tana da ɓera, a gidanki ba ta da shi, shi ke nan.

Anti Balki, Bolari:
Ni wannan maganar ɓera ita ce ta tayar min da tsohon miki. Muzuruna da na raina tun yana jariri, maƙwabciyata ta zuba shinkafar ɓera a bayan kicin ɗinta ba ta gaya wa kowa ba, ya ci ɓeran da ya ci gubar, muka wayi gari yana aman jini a bakin rijiya. Da na yi magana cewa ta yi wai dabba ce, ko zan kai ta kotu. Shekara biyu ke nan ko gaisawa ba ma yi. Don haka Maman Ilham kada ki kuskura ki sake ta waje da sunan farauta, gara ta zauna a ɗaki ta ci tuwon.

Abban Nana:
To ku masu maguna ku ma ku ji namu. Ta maƙwabcina ta shigo ta taga ta ɗauke min rabin kilo na nama da aka ajiye don suna, na je gidan aka ce in yi haƙuri. Mutane na neman abin da za su sa a tukunya ana maganar zuciyar kaza wa mage. Allah ya kyauta.

Ummu Safwan:
Abban Nana, ai hadisi ne ingantacce cewa wata mata ta shiga wuta saboda mage da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Wanda ya rufe dabba ciyarwa ta hau kansa. Maman Ilham, har yanzu ba ki ba ni amsar maganin tsutsa ba. Tawa irin haka ta rame da zawo, ashe tsutsa ce, aka ba ta magani a asibitin dabbobi sati biyu ta murmure. Ni abincin mage na kanti, Whiskas, nake haɗa mata da dafaffen kifi.

Maman Biyu:
Ki jiƙa mata rabin Panadol a ruwa da Flagyl, zawon zai tsaya. Haka nake wa yarana.

Baban Walid, Federal Low-cost:
Maman Biyu, don girman Allah ki goge wannan saƙon kafin wani ya gwada. Farasitamol, wato Panadol, yana kashe mage, ko rabin ƙwaya ne, hantarta ba ta iya sarrafa shi. Kada a ba mage maganin mutane sai likita ya ce.

Hajiya, ga abin da nake yi da nawa, kuma bai kai kuɗin na kanti ba. Ki je wurin masu figar kaji a babbar kasuwa, ki ce su riƙa tara miki zuciya da ƙundu. Ko ki yi magana da mahaucin unguwarku ya yankar miki zuciyar saniya ko ta akuya. Ki dafa da ruwa zalla, ba gishiri ba magi ba albasa, kuma kada ki zubar da romon, taurin yana fita ya shiga cikinsa, ki zuba mata tare. Hanta tana da amfani amma kaɗan, ɗan yanki sau ɗaya ko biyu a sati. In ta yi yawa bitamin A ya taru ya sanƙarar mata da ƙasusuwan wuya, na ga haka da idona a kan wata da yaron gonata ya riƙa ba hanta kullum. Kifin Dadin Kowa, tarwaɗa ko karfasa, ki dafa ki zare ƙaya. Kada ki saba mata da ɗanyen kifi, wasu ire-irensa suna lalata bitamin B1. Ƙwai ki dafa shi sosai. Ƙashin kaza dafaffe kada ki ba ta, tsagewa yake yi ya soke hanji. Tunda nama zalla ba shi da sinadarin ƙashi, ki wanke ɓawon ƙwai ki tafasa, ki shanya, ki daka ya yi laushi kamar gari, ki barbaɗa kamar rabin ƙaramin cokali a rabin kilo na nama. In kina son ƙara mata ɗan farar shinkafa don ya auka, kada ta wuce cokali.

In kin samu hali ki sayi na kanti ki riƙa haɗawa, domin shi an auna komai a ciki. Ki duba a rubuce cewa cikakken abinci ne, ki duba ranar lalacewa, kuma kada mai shago ya ba ki na kare ya ce duk ɗaya ne. Busasshen yana da ƙarancin ruwa, wajen kashi 10 cikin 100 kawai, ga zafin Gombe, don haka kwanon ruwa mai tsabta ya zauna kullum. Ki sauya a hankali cikin sati guda, kada rana ɗaya. Amma duk wannan bayan likita ya gan ta ne.

Maman Ilham, Tumfure:
Malam duk na ji, Allah ya saka. Amma ka san mu nan sai mu kwana biyu ba wuta, ina zan ajiye zuciya ba ta lalace ba? Kasuwa kuma kullum ba zai yiwu ba, ina da goyo. Batun likita, na taɓa kai ta wani wuri lokacin da ta ƙi cin abinci bayan rasuwar, mutumin ko taɓa ta bai yi ba, ya karɓi kuɗin kati ya ce in dawo, na koma sau biyu ba ya nan. Da wane ido zan sake tambayar maigida kuɗin mota saboda mage? Maganin tsutsa ban sani ba ko Inna ta taɓa ba ta. Ni dai a ganina kewa ce kamar yadda Goggo ta ce, don har yanzu in aka kira sallar magariba sai ta je ta kwanta a kan buzun tana kallon ƙofa.

Goggon Pantami:
Ai na gaya miki. Yaran yanzu komai sai an auna da cokali.

Baban Walid, Federal Low-cost:
Kewa ba ta sa dasashi ya yi fari, Goggo. Hajiya, ki sayi na kwana ɗaya ɗaya wurin mahauci, ai kina aiken yara cefane. Kuma ki kula, mage in ta yi kwana biyu zuwa uku ba ta ci komai ba hantarta na iya taɓuwa, kada ki tsaya jira.

Anti Balki, Bolari:
Ni ma wani mai sayar da maganin dabbobi ya taɓa sayar min da wanda ya lalace, sai a gida na ga kwanan watan. Kowa so yake ya ci da guminka.

Maman Ilham, Tumfure:
Na aiki Ilham ta sayo zuciyar akuya, na dafa yadda aka ce ba gishiri. Ta sunsuna, ta lashi romon kaɗan, ta bar naman ta koma kan buzu. Ban iya kallonta haka ba, na zuba mata kindirmo a murfin kwano, ta shanye tas. Akwai gwangwanin sadin ɗaya a kicin, irin mai man gyaɗa, in na tsiyaye man zan iya ba ta da dare?

Abban Nana:
Sadin kuma? Kin san nawa ake sayar da gwangwani yanzu?