Ina ƙurar hunturu take zuwa idan mun shaƙe ta?

Ɗalibi daga Birni:
Assalamu alaikum, malamai. Tun da hazo ya rufe Damagaram nake kakin majina mai launin ƙasa kowace safiya. Shin ƙurar nan tana kaiwa har cikin huhu ne, ko a hanya take tsayawa?

Ma'aikaciyar jinya daga Zango:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Mafi yawanta a hanya take tsayawa, domin gashin hanci da majina suna kama ta, wadda ta kuɓuce ta gangara bututun iska kuma, sai wasu ƙananan gasu da ido ba ya gani su riƙa turo ta sama zuwa maƙogwaro, inda mutum zai tofar ko ya haɗiye. Mafi laushinta ce kaɗai take isa ƙananan jakunkunan da ke ƙarshen rassan huhu, inda oksijin yake shiga jini.

Malamin kimiyya:
Gaskiya ne, Hajiya. Baligi yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya ko yana hutawa, saboda haka amawalin da Buzaye suke rufe hanci da shi ba ado ba ne kawai.