Gine-gine ko lantarki: wanne zan karanta a kwalejin fasaha?

Ɗan Sabon Gari:
Assalamu alaikum. Na kammala sakandare a Zariya da sakamako mai kyau a lissafi da fizis da kemistiri da Turanci, kuma ina shirin cike fom na JAMB domin neman difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ko ta Nuhu Bamalli. Mahaifina birkila ne, burinsa shi ne in karanta injiniyancin gine-gine, domin ya ce ya gaji da ganin yaran da ya girme su suna ba shi umarni a wurin aiki. Ni kuwa zuciyata tana wajen lantarki, saboda shekara biyu ke nan ina bin wani maƙwabcinmu haɗa sola da wayarin. Ina roƙon waɗanda suka bi wannan hanya su faɗa mini abin da ke cikin kowane fanni, da kuma matsayin takardar idan an gama.

Tsohon Ɗalibin Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, ƙanena. A makarantar Kaduna na yi gine-gine, wadda ta faro a 1956 a matsayin cibiyar koyon sana'a kafin ta zama yadda take a 1968. Ka fara sanin tsawon tafiyar: difloma ta ƙasa shekara biyu ce, a tsakiyarta akwai wata huɗu na sanin makamar aiki, bayanta shekara guda cur ta aiki a waje, sannan babbar difloma ta shekara biyu, sai bautar ƙasa.

Abin da nake so ka fahimta shi ne, karatun gine-gine ya wuce jera bulo nesa ba kusa ba. Za ka koyi awon ƙasa irin na safiyo, da zanen gini, da gwajin ƙasar da za a zuba fandisho a kanta, da lissafin nauyin da ginshiƙi zai ɗauka kafin a ce rodi mai milimita 12 za a sa ko mai 16. A ɗakin gwaji za ka kwaɓa kankare, ka zuba shi a ƙaramin akwatin ƙarfe mai faɗin milimita 150, ka jiƙa shi a ruwa, sannan a matse shi da inji a rana ta 7 da ta 28 domin a ga ƙarfinsa. Ranar da na fara ganin kankaren da aka cika wa ruwa ya ruguje tun injin bai yi nisa ba, alhali ɗan'uwansa da aka kwaɓa daidai yana nan daram, ranar na gane dalilin da ya sa benaye ke rufta wa mutane. Na taɓa barin wani aiki saboda ɗan kwangilar ya dage sai an rage siminti a dakin, wato rufin kankare na bene, kuma har yau ban yi nadama ba. Kasancewar mahaifinka birkila babbar riba ce, domin da yawa daga cikinmu mun gama difloma ba mu iya riƙe cokalin gini ba.

Malamin Wayarin:
Ɗana, ban ƙi maganar da aka yi a sama ba, amma a ganina wanda ya yi shekara biyu yana hawa rufi da faifan sola ba tare da an tilasta masa ba ya riga ya nuna inda ya dosa. Sai dai kada ka ɗauka haɗa inbata da batir shi ne karatun. Lissafin lantarki yana da nauyi, domin abin da kake aunawa ido ba ya ganinsa, kuma za ka bi wutar tun daga manyan layukan kilobolt (wato bolt dubu, ma'aunin ƙarfin wuta) 330 da 132, zuwa 33 da 11, har taransifoma ta sauke ta zuwa abin da ke shiga gida. Amfanin makarantar shi ne ka san dalilin kowane abu. Mai wayarin da bai yi karatu ba yana iya jan siririyar waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5, wadda ta dace da ƙwan fitila, zuwa na'urar sanyaya ɗaki, sai robar ta narke cikin bango a hankali har gobara ta tashi da tsakar dare. Ka zauna da mahaifinka cikin ladabi, ka nuna masa cewa babu ginin da ake miƙa wa mai shi sai mai lantarki ya yi nasa aikin.

Yayarku daga Bauci:
Ƙanena, zan amsa maka batun takarda, tunda ba a taɓo shi ba. Kafin ka zaɓi kowace makaranta, ka tabbatar hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha, wadda hedikwatarta ke Kaduna, ta amince da wannan kwas ɗin a can. Sannan ka sani cewa COREN, mai yi wa injiniyoyi rajista, tana sa mai babbar difloma a rukunin masana fasahar aiki ne, kuma sai ya ƙara da diflomar gaba da digiri da ta amince da ita kafin ya nemi rajistar cikakken injiniya. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudirin kawar da bambanci tsakanin babbar difloma da digiri a 2021, amma shugaban ƙasa bai sa masa hannu ba. Ni da na gama difloma ta ƙasa da sakamako mai kyau, sai na nemi shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, kuma aikin hannun da na koya ya taimake ni ƙwarai.

Ɗan Sabon Gari:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Baba amsoshinku bayan sallar isha'i, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce in biyo shi gobe wurin wani bene da suke zuba wa dakin a Samaru, in ga aikin da idona kafin mu sake magana.